Me ake yi wa inji a wajen borin, kuma wanne ake fara yi?

Tambaya: Malam, ina so in sake haɗa injin motata, mai silinda shida a jere, lita 3, bulok ɗin ƙarfe, faɗin silinda milimita 86, in ƙara masa ƙarfin turbo. Na kwance shi na kai wajen masu borin, sai suka lissafo mini ayyuka: wanki, gwajin tsagewa, gyaran layin metal, aske saman bulok, borin, honin da faranti, garandin kiranshaf, daidaita nauyi, da gyaran mazaunin bawul. Ni borin kaɗai na sani. Duka dole ne? Kuma fistin zan fara saya, ko borin za a fara yi?

Amsa: Ɗan'uwa, zan fara da tambayarka ta biyu, don ita ce ta fi gaggawa. Kada ka sayi fistin yanzu, kuma kada ka yarda a kai silinda girmanta na ƙarshe kafin fistin ya shiga hannun mai aikin. Tsarin shi ne a wanke bulok, a gwada lafiyarsa, a auna shi, awon ya nuna girman fistin da za a saya, fistin ya iso, a auna kowanne, sannan a yanka kowace silinda daidai da shi. Ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa, shi ya sa awo yake zuwa gaban yanka a kowane mataki.

Kafin ma a kunna wani inji a shagon, ka zauna da mai aikin ka gaya masa abin da kake nufi da motar: ƙarfin da kake nema, yawan iskar da turbo zai tura, juyi nawa a minti injin zai riƙa kaiwa, irin man da zai sha, da kuma ko motar titi ce ko ta filin tsere. Duk wani gibi da za a bari a cikin injin daga wannan amsar yake fitowa. Mai aikin da bai tambaye ka waɗannan ba, zai haɗa maka injin da ya dace da littafin kamfani, wanda aka rubuta don injin da ba a ƙara wa komai ba.

Sai ka riƙe girman awon da ake magana a kai. A wannan sana'a ana lissafi da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ko kashi ɗaya cikin dubu na inci, wanda ya yi daidai da milimita 0.025. Gashin kan mutum ya ninka wannan sau biyu ko uku a kauri. Ko zafin ɗaki yana motsa irin wannan awo, domin alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Shi ya sa ake barin bulok da fistin su kwana wuri ɗaya su yi zafi ɗaya kafin a auna su, kuma zafin da duniya ta amince a riƙa awon ƙarfe a kai digiri 20 ne a ma'aunin Celsius.

Wanki da gwajin tsagewa ba su da zaɓi. Ana cire duk toshe-toshen hanyoyin baƙin mai da na ruwa, a dafa bulok ɗin ƙarfe a ruwan soda mai zafi ko a gasa shi a tanda. Alminiyom kuwa ba ya shiga ruwan soda, cinye shi yake yi. Bayan nan sai gwajin maganaɗisu, wanda aka fi sani da Magnaflux: a sa wa ƙarfen maganaɗisu, a watsa masa garin ƙarfe, garin ya taru a kan tsagewar da ido ba ya gani. Maganaɗisu ba ya kama alminiyom, don haka tof silinda na alminiyom, wato murfin saman injin, da rini mai ratsa tsaga ake gwada shi, a kuma toshe hanyoyin ruwansa a hura iska a ga ko zai yi yoyo. Ga injin turbo ina ƙara wani gwajin da bai cikin lissafinka: awon kaurin bangon silinda da na'urar sauti. Lokacin zuba bulok a kamfani, ƙirar ciki takan ɗan goce, sai bango ya yi kauri ta wani gefe ya yi siriri ta ɗaya. In gefen da fistin ke dannawa ne ya yi siriri, gara ka sani kafin a ƙara rage shi.

Yanzu ga abin da nake so ka fahimta fiye da komai. Bulok yana da layi guda wanda duk sauran awo ke komawa gare shi, shi ne layin da kiranshaf ke kwanciya a kai, wato ramukan manyan metal, matasan ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a cikinsu. Saman bulok dole ya yi daidai da wannan layi daga gaba har baya. Kowace silinda dole ta tsaya cak a kansa. In layin ya karkace, duk aikin da aka ɗora a kansa ya bi shi ya karkace, ko da kowane yanka shi kaɗai ya yi kyau. Saboda haka shi ake fara dubawa. A ɗaura murafen metal da ƙarfin da za a ɗaura su ranar haɗi, a auna faɗin kowane rami ta fuska uku, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ramukan bakwai na injinka suna kan layi ɗaya. In sun yi daidai, kuma notunan asali za ka mayar, a bar su, ba a yanka lafiyayyen ƙarfe don kawai yana cikin lissafi. Amma in za ka sa sitod masu ƙarfi irin na kamfanin ARP, wato sandunan ɗauri masu zare a bakuna biyu, ko sababbin murafe, ko kuma wani metal ya taɓa narkewa ya juya a mazauninsa, to aikin ya zama dole. Sitod yana matse murfi fiye da notin asali, sai ramin ya daina zama zagaye. Yadda ake gyarawa shi ne a ɗan aske ƙasan murafen ramin ya tsuke, sannan a zura doguwar sanda mai duwatsun goga ta bi ramukan duka a lokaci ɗaya har su dawo girmansu. Ka kai musu sitod ɗin da man shafawarsa tun farko, domin da abin da za a haɗa injin da shi ake yin aikin.

Daga nan sai saman bulok. Mutane suna ɗauka don gasket ya zauna kawai ake aske shi, alhali aiki uku askin yake yi. Na ɗaya, ya daidaita saman da layin kiranshaf, yadda fistin na 1 da na 6 za su tsaya a tsayi ɗaya. Na biyu, ya ba da santsin da gasket ɗin ke buƙata. Gasket ɗin ƙarfe mai hawa-hawa, wanda shi za ka sa a injin turbo, ba ya iya cike kaushi kamar tsohon gasket mai laushi. Yana son fuska mai santsi ƙwarai, kuma kamfanin da ya yi shi yakan rubuta iyakar kaushin da zai ɗauka. Na uku, askin yana ƙayyade tazarar da ke tsakanin kan fistin da shimfiɗaɗɗen gefen tof silinda, wadda ake bari kusan milimita 1 in konrod, sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, na ƙarfe ne. Wannan matsatsiyar tazara tana watsa iska da fetur zuwa tsakiya, ta rage ƙwanƙwasar da ake samu idan fetur ya fashe da kansa, wadda ita ce babbar mai kashe fistin a injin turbo.

Sai dai kowane aski yana ƙara matsi. A silinda mai faɗin milimita 86, aske milimita 0.25 yana rage ɗakin ƙonewa da kusan sisi (cc, awon girman cikin inji) ɗaya da rabi. Injin da matsinsa yake 8.5 zai koma kusan 8.7. In an aske tof silinda ma, sai ya ƙara hawa, kuma tun da kamshaf a sama yake, tazararsa da kiranshaf ta ragu, lokacin buɗewar bawul ya ɗan goce. Duk ana iya gyara su da kaurin gasket da giyar kamshaf mai juyawa, amma sai an rubuta nawa aka cire.

Borin kansa, wanda shi kaɗai ka sani, shi ne aikin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ya ƙara ƙarfin a zo a gani. In an buɗe silindarka daga 86 zuwa 86.5, girman injin duka ya ƙaru da kusan sisi 35 a cikin 3,000, kashi ɗaya da ɗigo cikin ɗari. Sanannen injin Chevrolet 350 ma, in an buɗe shi da inci 0.030, 355 kawai yake komawa. Amfanin borin shi ne mayar da silinda miƙaƙƙiya kuma zagaye bayan ringi ya cinye samanta. Don haka ra'ayina a kan injin turbo shi ne a tsaya a ƙaramin girman da zai share lalacewar, 86.5 in ta isa, a bar 87 don wata rana. Bango mai kauri yana riƙe siffarsa a ƙarƙashin matsi, ringi ya toshe da kyau, wannan ya fi 'yan sisin da za ka samu nesa ba kusa ba. Ka yi sa'a naka ƙarfe ne. Bulok ɗin alminiyom mai siririn rufi mai tauri a bangon silinda irin Nikasil, ko mai feshin ƙarfe irin na Nissan GT-R, ba a yi masa borin yadda aka saba. Sai an sake rufin ko an sa masa hannun riga na ƙarfe.

Mai borin ba ya kai silinda girmanta na ƙarshe. Yakan bar kusan milimita 0.1, honin, wato goge bangon silinda da duwatsu, ya cinye sauran. A wurin honin ne injin kirki yake rabuwa da na jeka-na-yi-ka, kuma a nan maganar faranti ta shigo. Idan aka ɗaura tof silinda, notunan suna jan ƙarfen da ke kewaye da su, silinda ta ɗan lotsa ta wajen kowane noti. Lotsawar tana iya kai milimita 0.02 zuwa 0.05, a wasu bulok ɗin ma ta wuce. In an goge silindar babu komai a kanta, za ta fito zagaye a kan teburi, ranar da ka ɗaura tof silinda ta daina zama zagaye, ringi ya kasa bin bangon, hayaƙi ya riƙa zurarewa ƙasa, baƙin mai ya riƙa hawa sama. Farantin wani kakkauran ƙarfe ne mai ramuka, ana ɗaura shi a madadin tof silinda, da irin gasket ɗin da irin sitod ɗin da ƙarfin ɗauri ɗaya, a goge silindar tana cikin wannan matsin. In an cire farantin za ta nuna kamar ta karkace, in an haɗa injin sai ta dawo daidai. A motar kai yara makaranta ana iya wucewa ba tare da shi ba. A injin da za ka ninka wa matsi, ban yarda a tsallake shi ba, kuma in shagon ba shi da farantin injinka, a nemo ko a ƙera.

Honin ɗin yana barin zane mai giciye a bangon, kusurwarsa kusan digiri 45. Zanen ne ke riƙe baƙin mai yana kuma sa ringi ya riƙa juyawa a hankali. Aikin zamani mataki biyu ne: dutse mai kaushi ya haƙa ƙananan kwaruruka, dutse mai laushi ko buroshi ya share tsinin da ke samansu, ya bar shimfiɗa inda ringi zai hau da kwari inda mai zai zauna. Ringin yau siriri ne mai tauri, ba ya iya share tsini da kansa kamar na da. Shagon da ya san aikinsa yana da na'urar awon kaushi, kuma zai tambaye ka irin ringin da ka saya kafin ya zaɓi dutse.

To, me ya sa sai fistin ya iso? Saboda gibin da ke tsakanin fistin da bango ya dogara da abin da aka yi fistin da shi. Fistin zubi na kamfani yana da silikon da yawa, ba ya buɗewa sosai, ana barinsa da gibin milimita 0.03 zuwa 0.05. Fistin ƙira iri biyu aka fi sani. Mai lamba 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, gibinsa matsakaici ne, ba ya ƙara da safe, ya dace da motar titi. Mai lamba 2618 kusan babu silikon a cikinsa, yana jure duka ya lanƙwasa maimakon ya farfashe, amma yana buɗewa sosai, sai an bar masa kusan milimita 0.09 zuwa 0.13, kuma za ka ji yana ɗan kaɗawa kafin injin ya yi zafi. Takardar da ta zo cikin kwalin ita ce hukunci. Tana faɗin gibin, tana kuma nuna daidai wurin da za a ɗora maikuromita a jikin siket ɗin fistin, domin fistin ba zagaye ba ne kuma samansa ya fi ƙasansa tsukewa. In gibin ya yi kaɗan, fistin ya kama bango ranar farko da ka taka motar sosai.

Bakin ringi ma haka. A injin da ba turbo, ana barin kusan kashi 4 cikin dubu na faɗin silinda, wato milimita 0.35 a naka. Da turbo zafi ya fi yawa, ana kai shi kashi 5 zuwa 6, kusan 0.43 zuwa 0.52. In bakunan biyu suka haɗu da zafi, ringin ba shi da inda zai je, sai ya ɓalle kan fistin. Gibi mai ɗan yawa ba ya kashe inji, mai kaɗan yana kashewa.

Kiranshaf kuwa, kada a yi masa garandin sai awo ya ce a yi. In ba tsagewa, bai lanƙwashe ba, wuyansa suna cikin awon kamfani, goge shi kawai za a yi. In dole ne, milimita 0.25 ake fara cirewa, kuma ka kula da abu biyu. Lanƙwasar da ke gefen kowane wuya ita ke hana shi karyewa. Mai garandin da ya mayar da ita kusurwa mai kaifi ya buɗe wa tsagewa ƙofa. Sannan wasu kiranshaf ɗin taurinsu na fata ne kawai, siririn rufi da aka yi da naitirojin, garandin yana iya cinye shi, sai an sake taurarawa. Gibin metal ana lissafa shi da kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin wuyan, wato wuya mai milimita 60 ya sami kusan 0.06, kuma kaurin baƙin man da za ka yi amfani da shi yana bin wannan gibin. Zaren Plastigage, wani zaren roba da ake matsewa a auna faɗinsa don sanin gibi, yana da amfani don tabbatarwa ranar haɗi, amma ainihin awo da maikuromita da agogon awon rami ake yinsa, metal yana cikin murfinsa a ɗaure. Konrod kuma, in tsofaffin za ka mayar da sababbin notuna, sai an sake zagaye babban bakinsu, dalili ɗaya da na manyan metal. Notin konrod da awon miƙewarsa ake ɗaure shi, ya fi dogaro da sifanar awon ƙarfi.

Daidaita nauyi ya zama dole da zarar ka canza fistin ko konrod. Ƙarfin da rashin daidaito ke haifarwa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da juyi ya ninka sau biyu. Giram 10 da ya yi yawa a nisan milimita 75 daga tsakiyar kiranshaf, a juyi 7,000 a minti, yana fizgar metal da ƙarfin kusan kilo 40, sau fiye da ɗari a kowace daƙiƙa. Injinka mai shida a jere yana da sauƙi a nan, domin tsarinsa yana kashe girgizar kansa: a daidaita fistin shida su yi nauyi ɗaya, konrod su yi ɗaya ta kowane baki, a juya kiranshaf shi kaɗai, sannan da fulayiwil da farantin kuloci. Injin V8 ne ke buƙatar a ɗaura wa kiranshaf nauyin gwaji, wanda ake lissafawa da dukan nauyin da ke juyawa da rabin nauyin da ke hawa da sauka.

Tof silinda na alminiyom, in ya taɓa yin zafi ya banƙare, kada a aske shi kai tsaye. Ramukan kamshaf sun banƙare tare da shi. In an miƙe ƙasan kawai, kamshaf zai riƙa juyawa a karkace. Ana fara miƙar da shi da zafi a tanda, sannan a aske. Ana kuma fara gyara bututun da sandar bawul ke bi kafin mazaunin, domin daga bututun ake ɗaukar tsakiyar mazauni. Yankan da aka saba kusurwa uku ne, 30 da 45 da 60: ta tsakiya ke toshewa, sauran biyun suna lallaɓa iska ta wuce. Mazaunin bawul ɗin hayaƙi ana barinsa ya fi na iska faɗi, kusan milimita 1.5 zuwa 2, domin ta nan bawul ɗin ke sauke yawancin zafinsa, kuma a injin turbo zafin ba na wasa ba ne. Batun faɗaɗa hanyoyin iska da hannu kuwa, in ba mai na'urar awon iska ba ne, ka bar su yadda suke, kada garin neman gira a rasa ido. In ka sa kamshaf mai tsayin ɗagawa, a auna sifirin ɗin bawul kada ya matse har ƙarshe, a kuma gwada tazarar bawul da fistin da laka: kusan milimita 2 ga na iska, 2.5 ga na hayaƙi.

Ranar karɓar kaya, ka nemi takardar awo: faɗin kowace silinda sama da tsakiya da ƙasa, faɗin kowane fistin da lambar silindarsa, gibin kowane metal, abin da aka aske a bulok da tof silinda, da nauyin sassan. Mai aikin kirki yana da waɗannan a rubuce tun kafin ka tambaya, kuma ba ya jin haushi in ka sake aunawa a gabansa.

Ko sun ce maka sun wanke, ka sake wankewa. Garin dutsen honin yana maƙalewa a cikin zanen bango, fetur da kananzir ba sa fitar da shi, sai ruwan zafi da sabulu da buroshi. A bi kowace hanyar baƙin mai da dogon buroshi, har da ramukan cikin kiranshaf, a busar da iska nan take, a shafa mai kafin tsatsa ta fito, don tana fitowa cikin mintuna. Sannan ka shafi bangon silinda da farin ƙyalle mai ɗan mai; in ya fito da launin toka, a koma wanki. Kafin a rufe injin kuma ka ƙirga toshe-toshen hanyoyin mai da aka cire tun ranar farko, ka tabbata kowanne ya koma wurinsa, domin guda ɗaya da aka manta a bayan fulayiwil ya isa ya hana injin samun matsin mai.